Ai Sanyin Mukayyif Ne

Duk wanda ya biyo ta lungunmu a Ƙurban ranar Juma'ar da ta wuce, wajen hantsi, ya ga abin kallo. Maza shida ne suka nufi masallaci, kowanne ya dafe ƙugu, suna ɗaga ƙafa kamar masu taka ƙwai. Ni ne na huɗu a layin. In ka tambayi na farko abin da ya same shi, sai ya ce sanyin mukayyif ne. Na biyu ma mukayyif. Na uku, da yake ya ɗan taɓa boko, ya ce katifarsa ce ta lotsa a tsakiya. Ni kuwa na ce kwanciya na yi a karkace. Babu wanda ya yi ƙarya tsagwaronta, don duk muna da mukayyif, duk muna da katifa. Abin da ba mu faɗa ba shi ne inda muka kwana rabin daren Alhamis.

Ga wanda bai zauna Madina ba, mukayyif shi ne na'urar sanyaya ɗaki, kuma a unguwarmu babu wanda ya kai shi ɗaukar laifin da bai ji ba bai gani ba. Mura, shi ne. Wuya ya sanƙare, shi ne. Yaro ya makara makaranta, shi ne. Da yana da baki, da tuni ya kai ƙararmu wajen umda, mai unguwarmu.

To, kartin muka je. Mota ce, in ka yi mata kara. Bututun ƙarfe ne aka lanƙwasa aka yi mata gado, aka sa taya huɗu ƙanana kamar kwanon tuwo, da kujerar roba mai tauri, da sitiyari, sai inji a gefenka irin na janareto ko na ban-ruwa. Ƙafar dama totur, ƙafar hagu birki, babu giya, babu ƙofa, babu rufi. Tsakaninka da kwalta bai fi faɗin yatsu uku ba. Da aka nuna wa Baba mai shayi bidiyonta a waya, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan ai jan gindi ne irin na yaron da bai fara rarrafe ba. Kuɗi kuke biya a kansa?" Tun daga ranar, sunanta a majalisarmu 'yar jan-gindi.

Cutar ta shigo mana ne ta Jidda. Ranar 5 ga Disamba 2021 aka yi tseren Formula 1 na farko a ƙasar nan, a bakin teku, a hanya mai tsawon kilomita shida da 'yan kai da kwana 27, Lewis Hamilton ya cinye. Mu kuma kun san halinmu: da zarar baƙar fata ya yi fice a duniya, ya zama namu. A daren nan akwai wanda ya rantse a majalisa cewa in aka bi diddigi, kakan Hamilton ba zai wuce mutumin Daura ba. Kafin wannan, ƙwallo ce abin musunmu, da ma muna da abin tinƙaho, tunda Hausawi har uku Saudiyya ta tafi da su gasar kofin duniya ta 2018. Sai ga yara sun dawo da hirar kwana da birki da wuce juna. Ɗan ƙanwata, wanda aka haifa a nan, Kawu ba ta zama a bakinsa sai Hali, shi ya kawo mana labarin cewa Hamilton da 'yar jan-gindi ya fara tsere yana ɗan shekara takwas, kuma kusan duk manyan direbobin nan ta wannan ƙofa suka shiga. Ya ce wani Ba'amurke mai suna Art Ingels ne ya ƙera ta farko a Kalifoniya a 1956, da injin yankan ciyawa. Baba mai shayi ya ce shi da ma ya ga alama.

Manya ba su hana ba, kuma suna da dalili. Duk wanda ya yi shekara ashirin a garin nan ya san abin da tafhiɗ ya yi wa gidaje, wato wasan karkatar da mota a guje a kan titi, 'yan kallo jere a gefe. An yi jana'izar samari da yawa a Baƙi'a ta wannan hanya. Tun 2016 aka tsananta hukunci: kamun farko tarar riyal 20,000 da tsare mota kwana 15, na biyu 40,000, na uku 60,000, motar ma tana iya tafiya ke nan. Ga kuma dabbab, babur mai ƙafa huɗu da ake haya a wajen gari, irin su Baida inda ake zuwa kallon mota na gangarawa da kanta, wanda yara ke hawa kai ba hula, ƙafa ba takalmi. In aka auna da waɗannan, fili mai shinge da tsofaffin tayoyi jere a gefe, da mai tuta yana lura, ai rahama ne. Don haka da yaron nan ya ce, "Hali, ku zo ku gwada mana, ko tsoro kuke ji?" sai maganar ta tashi daga kan mota ta koma kan mutunci. Mu shida muka shiga mota biyu bayan sallar isha'i.

Tun daga bakin ƙofa halinmu ya fara fitowa. Aka miƙo mana takarda mu sa hannu, shafi guda cike da rubutu. Babu wanda ya karanta. Daga baya ɗan ƙanwata ya gaya mini cewa a ciki har an rubuta mai ciwon baya ko na wuya ko na zuciya kada ya hau. A cikinmu akwai mutum biyu da suka yi shekara goma suna sallar nafila a kan kujera in bayansu ya motsa. Su suka riga kowa sa hannu.

Sai maganar tufafi. Mun je kamar masu zuwa ɗaurin aure: jallabiya fara ƙal an sha guga, silifas, ɗaya har da shimagi a kafaɗa. Yaron da ke kula da wurin ya dube mu sama da ƙasa ya ce an hana, wato mamnu'. Aka fara musu. Wani ya ce shi da jallabiyar nan ya tuƙa mota daga Madina zuwa Riyad bai tsaya ba sai shan mai. Yaron bai ja da shi ba, ya kai shi bayan 'yar motar ya nuna masa sandar ƙarfen da ta haɗa tayoyin baya, da sarƙar da ke juya ta. Abin nan a bayan ƙugunka yake, yana juyawa da gudun da motar ke yi, kuma ko an yi masa murfi, bakin tsumma yana samun hanya. In ya kama gefen riga ko mayafi ko dogon gashi, ba ya saki, naɗewa yake yi har ya kai wuya. An rasa rayuka ta wannan hanya a ƙasashe daban-daban, yawancinsu mata ne masu ɗankwali ko gyale. Wannan kam ba wasa a ciki, kuma na lura 'yan matan da muka tarar a can sun fi mu hankali: kowacce ta cusa lulluɓinta cikin rigar tsere ta ja zif har maƙogwaro ba tare da an roƙe ta ba. Mu sai da aka yi ta lallami kafin muka yarda muka cire jallabiya muka shiga rigar wurin, muka ari takalmin yara.

Hular kwano kuwa, nan aka yi ta. Ana ba ka wata 'yar hular yadi ka fara sawa don tsabta, sannan ka ɗora kwanon. Ɗaya ya shinshina ya ce warin zufar wani yake ji. Ɗaya ya ce kansa ba ya shiga, aka kawo babba, ya ce ta yi masa yawa. Ɗaya ya sa, amma ya bar maɗaurin haɓa yana lilo, wai yana shaƙe shi. Hular da ba a ɗaure ba kuwa ita ke fara tashi kafin kai ya isa ƙasa. Da na gan mu a haka sai na tuna farkon 2009, lokacin da aka tilasta wa 'yan acaɓa sa hular kwano a Najeriya, wasu a Kano suka kifa ƙwarya da robar fenti a ka suka ɗaure da igiya, fasinjoji kuma suna gudun hular wai an yi mata asiri. Labarin har gidajen rediyon waje. Mun tsallaka teku, wasunmu kakanninsu ne ma suka tsallako, amma kan nan dai shi ne.

Ɗan ƙanwata shi kaɗai ya zo da jakarsa. Ya fito da safar hannu, da wani abu kamar matashi da ake zagaya wa wuya, da wata 'yar shara mai tauri da ake ɗaurawa a kan haƙarƙari. Muka sa shi a gaba. Wani ya ce amarya ta gama shiri a kira 'yan rakiya. Wani ya tambaye shi ko yaƙin Uhudu za a sake. Yaron bai ce uffan ba, ya ci gaba da ɗaure-ɗaurensa.

Yanzu da nake rubutun nan a kishingiɗe, da filo biyu a ƙarƙashin gwiwa, tsokanar nan ce ta fi ba ni kunya. Mu da muka fito daga ƙasar 'yan lifidi! Duk wanda ya taɓa ganin hawan sallah a Kano ko Katsina ko Zazzau ya ga barde cikin sulke, kwalkwali a ka, dokinsa ma an lulluɓe shi da lifidi mai kauri har gwiwa. Waɗannan su ne ake sawa a gaba ranar gumurzu, kuma ban taɓa jin an kira ɗayansu matsoraci ba. Ban san a wane zango muka yar da wannan hankali muka ɗauko na cewa namiji shi ne wanda ya tari ƙarfe da fatar jikinsa ba. In ka matsa wa ɗayanmu sai ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne. Amma a garin nan ne aka koya wa duniya cewa ana ɗaure raƙumi tukuna sannan a yi tawakkali, kuma duk mun haddace, muna ma faɗa wa baƙi.

Aka ɗaga tuta. Minti goma aka ba mu.

Ba zan ɓoye ba, akwai daɗi. Gudun bai kai wanda muke yi a kan titin zobe ba, amma da yake kana dab da ƙasa, sai ka ji kamar jirgin Haramain ka hau. Sai dai tun a zagaye na farko na gane abin da ba a gaya mini ba. 'Yar jan-gindi ba ta da sifirin, ba ta da komai da ke shanye girgiza. Motar gida in ta faɗa rami, ƙarfe da roba ne ke karɓar dukan kafin ya iso gare ka. A nan duk tsakuwar da taya ta taka, daga kwalta sai kujera, daga kujera sai ƙashin bayanka. Kai ne sifirin. Ga shi an zaunar da kai a lanƙwashe, gwiwa sama, ƙugu ƙasa, zaman da ya fi kowanne matse ƙasusuwa biyar ɗin nan na ƙasan gadon baya da faya-fayan guringuntsin da ke tsakaninsu. A bakin kowace kwana kuma akwai wani ɗan tudu mai fenti ja da fari. Mun ga su Hamilton suna hawa kansa a talabijin, don haka mu ma muka riƙa hawa, kowane hawa kamar an ɗaga ka an buga da ƙasa.

A kwana kuwa jiki ne ke tafiya gefe, bakin kujera ya tare shi a haƙarƙari. Ni mai jiki ne, kujerar ta matse ni kamar an cusa tulu a akwati. Maƙwabcina siriri ne, shi kuma yawo ya riƙa yi a cikinta, dama ta buge shi, hagu ta buge shi. Ashe akwai wata 'yar shimfiɗa da ake sakawa don cike gurbin, kyauta ma ake bayarwa, kuma ana iya matso da abin takawa ko a ja kujera daidai tsawon ƙafa. Tambaya kawai ake yi. Mu kuwa tambaya ce ba ma yi, kada a ce ba mu iya ba.

Sannan ga karo. An gaya mana ba a dukan juna, har da allo an rubuta. Amma ka tara mutum shida da suka shekara ashirin suna bin juna bashi da tsokana, ka ba kowa inji, me kake tsammani? A kwana ta ƙarshe na taka birki, wanda ke bayana bai taka ba. Na ji dukan tun daga kwankwaso har ƙeya. Da muka sauka ya ce wai birkinsa ne bai kama ba, alhali tun watan azumi yake ƙullace da ni a kan kuɗin adashi.

Aka ba mu takardar sakamako. Amarya ce ta ɗaya, da tazara mai nisa. Ni na biyar a cikinmu manya, kuma na shidan inji ne ya mutu masa.

A daren babu wanda ya ji komai, har muka tsaya cin siriya, wato tsirenmu na gida da mutanen Hijaz suka karɓa suka ɗan murɗe masa suna. Jiki magayi, sai da asuba ya yi magana. Na sunkuya ruku'u, na nemi ɗagowa, baya ya ce ban san zancen ba. Uwargida ta dube ni ina bin bango ta ce, "Malam, lafiya?" Na ce mukayyif ne. Ta ce, "Ikon Allah. Jiya ai a kashe ya kwana."

Daga nan sai aka buɗe asibitin unguwa. A Ƙurban ba ka ciwo kai kaɗai, kuma duk wanda ya zo dubiya likita ne. Aka shafe ni da man Abu Fas har idona na hawaye. Wata gwaggo ta aiko da man zaitun da habbatus sauda. Wani ya ce ƙaho ne maganinsa, mataccen jini ne ya taru. Wani ya ce a samo yaro ɗan shekara bakwai ya tattaka ni. Wani ya kawo ƙwayoyi a ƙullin leda, ba suna ba kwali, ya ce surukinsa ya sha biyu ya miƙe. Ban raina ƙaho ba, ni ma ina yi, amma ƙaho ba ya ganin abin da ke cikin ƙashi.

Wanda ya yi maganar da ta zauna mini shi ne wani ƙanenmu da ke aikin jinya, da ya leƙo bayan la'asar. Ya sa na ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ya sa na taka da dunduniya, na taka da yatsu, ya ce, "Yaya, naka nama ne ya ji jiki. Irin wannan yawanci cikin 'yan makonni yake wucewa. Kada ka kwanta ka ce jinya kake, kwanciyar ce ke ƙara sanƙarar da shi. Ka riƙa takawa, ko zuwa Ƙuba ne ka dawo a hankali, ka gasa wurin da ruwan ɗumi." Sannan ya juya ga sauran, ya daina dariya. Ya ce duk wanda ciwon ke sauka masa ƙafa kamar wutar lantarki, ko ƙafar ta yi nauyi tana ja, ya je a duba shi. Wanda kuwa ya ji tsakanin cinyoyinsa ya mutu, ko fitsari ya ƙi fita, ko ya zubo bai sani ba, wannan ba ya jiran gobe, a kira 997 a tafi da shi a daren, don jijiya ce aka danne. Haka wanda numfashi ke soke shi a haƙarƙari bayan karo. Maƙwabcina siriri ya sunkuyar da kai. Washegari aka ɗauki hotonsa, aka ga tsagewa a haƙarƙari ɗaya. Har yanzu in an ba da labarin ban dariya a majalisa, roƙo yake a bari.

Wani ya ce ai manyan direbobi ba sa wannan raki. Ɗan ƙanwata ya ciro waya ya nuna mana Hamilton a Baku, watan Yunin 2022, yana fitowa daga motarsa da ƙyar, hannu a ƙugu, sak irin tafiyarmu ta ranar Juma'a. Ya tuna mana da Yazid Al-Rajhi, wanda ya ci Dakar a Janairun 2025, ɗan Saudiyya na farko da ya yi haka a rukunin motoci, amma bayan wata uku ya karya ƙashin baya biyu a wani tsere a Jodan. Waɗannan mutane ne da ke motsa jiki kullum, da likitoci a bayansu, da kujera da aka ƙera daidai jikinsu. Mu kuwa daga kan tiren kabsa muka tashi.

Kuma in za a faɗi gaskiya, hular kwano ba ta kare baya, 'yar sharar haƙarƙari ma iyakarta haƙarƙari. Abin da ya raba yaron nan da mu ya wuce kayan jakarsa. Ya miƙe jiki kafin ya hau, ya gyara kujera, ya zauna ya manna bayansa, ya bar tudun kwana sai inda ya zama dole, bai daki kowa ba, da minti goma suka cika ya sauka. Mu uku daga cikinmu har zagaye na biyu muka saya, don a rama.

Abin da ke ɗaure mini kai da mu shi ne, babu wanda ya kai mu tattalin kaya. Rimot ɗin talabijin a gidajenmu cikin leda yake har ya mutu. Kujerar sabuwar mota ba a cire mata roba sai ta yage da kanta. Waya kuwa riga biyu ake sa mata, da gilashi a fuska. Amma bayan da muke ci da shi, ko oho. A unguwar nan wa ya ci abinci ba da bayansa ba? Wannan dakon katan-katan yake a kasuwar dabino. Wancan jakunkunan alhazai yake lodi a ƙofar masauki. Samari in azumi ya kama sai Makka, tura arabiya, keken tsofaffi da marasa ƙarfi, tsakanin Safa da Marwa, sawu bakwai kusan kilomita uku, su sauke wannan tsohuwa su ɗauki waccan har gari ya waye. Direbobinmu suna wuni a zaune tsakanin Madina da Jidda. Iyayenmu mata sun tsufa a sunkuye kan tukunya da faranti. Kakannin wasunmu da ƙafa suka taso daga ƙasar Hausa, kaya a ka, suka ratsa Chadi da Sudan, suna yada zango suna noma, shekaru kafin su ga teku. Maƙwabcina siriri yau kwanansa shida bai fita aiki ba, kuma aikinsa irin wanda in ba ka fita ba babu ne. 'Ya'yansa biyar.

Jiya da daddare aka sake tayar da maganar a wajen Baba mai shayi. Na ɗauka za a ce an tuba. Ina! Lissafi ake yi na yadda za a kayar da amarya. Sai dai na ga an ɗan sauya salo: mai shimagi ya sayo takalmi mai igiya, wani yana tambayar yaron nan a asirce nawa ake sayar da 'yar sharar haƙarƙari, wai ɗansa zai saya wa. Biyun nan masu sallah a kujera an yanke musu hukunci, su ne masu riƙe jallabiyoyi da ɗaukar bidiyo. Ni kuma uwargida ta ce in har na koma, kada in dawo mata da zancen mukayyif, don ta sa an zo an duba shi, lafiyarsa ƙalau.

Alhamis ta sama za a koma, bayan isha'i, mota biyu. Baba mai shayi ya ce a ajiye masa wuri a gaba, yana son ya gani da idonsa.